Na Binne Hanta a Ƙarƙashin Shinkafar Autana

Iyaye mata, duk wadda ta ga ɗan maƙwabciya yana ture kwano, ta kama bakinta. Ni ban kama nawa ba, ga ni yau ina neman ceto.

Gwaggo, don Allah ki taimake ni. Ni tela ce, a gida nake ɗinki, 'ya'yana huɗu. Manyan ukun ban taɓa lallashin kowa a kan abinci ba. A gidana ba a zaɓe, ba a ragewa, ba a tashi sai kwano ya yi fes. Har wa'azi nake yi wa masu kawo mini ɗinki, ina cewa duk yaro mai tsirfar abinci uwarsa ce ta sangarta shi. Sai Allah ya ba ni auta.

Shekararsa huɗu. Abu uku yake ci a duniya: farar shinkafa ba mai ba miya, tsakiyar burodi, sai shayi da madara. Miya ta ɗiga a gefen kwano, an gama. Yayyensa har Malam Fari suke ce masa. Babansa direban babbar mota ne, idan ya dawo sai ya yi dariya ya ce shi ma haka ya taso, ga shi yanzu da ƙyar yake shiga ƙofa. Ya ɗauki jakarsa ya tafi, ni a bar ni da kwano.

Na yi faɗa, na nuna bulala. Na taɓa matse shi na ɗura masa, ya amayar a kan yadin mutane. Nakan zaunar da shi gaban abinci tun ƙarfe ɗaya har uku, keken ɗinki a tsaye, aiki na jira. Sai ya ajiye loma a kumatu, ba ya haɗiya, ba ya tofarwa, ina kallonsa yana kallona.

Da muka je awo, ma'aikaciyar asibiti ta nuna mini katinsa, wata biyar nauyinsa bai motsa ba. Ta duba idonsa ta ce jininsa ya yi ƙasa, a ba shi hanta da ƙwai da wake, mu dawo bayan wata guda.

Nan na yi abin da ke cin raina. Na dafa hanta na daka ta lukwi, na shimfiɗa a ƙasan kwano, na rufe da shinkafa. Ya tambaye ni ko fara ce zalla, na ce masa eh. Ni da ba na yafe wa yaro ƙarya! A cokali na uku ya iske ta. Bai yi kuka ba, ya dube ni kawai ya ajiye cokalin. Yau kwana tara bai taɓa shinkafa ba. Burodin ma sai ya yayyaga shi yana leƙawa. Shekaranjiya da hannuna na rage masa ƙugun wando.

Idan na sassauta, manyan suna kallo, babbar 'yata ma ta riga ta tambaye ni dalilin da ya sa ita aka tilasta mata wake. Idan na matsa, yaro na ƙarewa a gabana. Yanzu dai na kafa doka: ba shayi ba burodi sai ya ci abin da kowa ke ci. Jiya da ruwa ya wuni. Na rasa gaba na rasa baya.

Uwar Auta

Amsar Gwaggo

'Yar'uwa, ki ajiye takardar nan ki je ki ba shi burodinsa, sannan ki dawo mu yi magana. Yaron da jininsa ya yi ƙasa ba a horonsa da yunwa.

Ban ga laifinki a kan ƙin ɓarnar abinci ba, kuma tsoro ne ya sa kika ɓoye hantar, ba mugunta ba. Amma wannan ba taurin kai ba ne. Akwai yaran da wari da santsin abinci ke tayar musu da zuciya da gaske. Mai riƙe loma a kumatu ba rainin wayo yake miki ba, ya kasa haɗiya ne, kuma yana tsoronki.

Ki fara da gyara abin da ya ɓaci. Ki durƙusa daidai tsayinsa ki ce kin sa hanta, kin ce ba ki sa ba, kin yi kuskure, ba za ki ƙara ba. Girmanki ba zai zube ba. Sannan ki bar shi ya ga shinkafar tun daga wanki, ya zuba da kansa.

Sabon abu kuma a wani ɗan kwano daban, kamar girman ƙwayar wake, kowa na gani. Ki fara da masu kama da nasa: farin ƙwai, dankali, ayaba, tsokar kifi. Ya taɓa ko ya shinshina, an ci gaba. Wani sai an kawo masa sau goma sha biyar kafin ya lasa. Minti ashirin ki ɗauke kwano ba faɗa, ki koma kan kekenki. Ganyen shayi ki rage a hankali, yana hana jiki amfana da abincin da ke ƙara jini.

Kada ki jira ranar awo. Ki koma asibiti cikin makon nan, ki faɗi komai, har kwana taran, a duba maƙogwaronsa, a ga ko yana bukatar maganin ƙarin jini. Yayyensa su daina tsokanarsa. Babbar kuwa ki gaya mata gaskiya: ƙaninta ba gata ake masa ba, jinya ake.

Ke mai doka ce, to ga wadda za ki kafa, ta hau kan kowa har baban: uwa ke faɗin abin da za a dafa da lokacin ci, mai ci ke faɗin ya ƙoshi, kuma ba a ɓoye wa kowa komai a kwano.

Allah ya ba auta lafiya, ya sanyaya miki zuciya.