Tandar Masarki Tana Hannun Bello

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da roƙon Allah ya haskaka makwancinki, ɗiyarki Hadiza ce, daga ɗakin da muka raɓe a Kaura tun da 'yan bindiga suka tashe mu daga Kurya Madaro.

Inna, tsoro nake ji, kuma a kan 'ya'yanki maza biyu ne.

Tandar masarki tana hannun autanki Bello. Kin san ƙirjina ba ya shiri da hayaƙi, sai shi ya ɗauki suyar, da ita muke ci. Yaya Sani kuwa gona ta gagara, aure ya gagara, wadda yake nema an ba wani. Yanzu a majalisar tuzurai yake wuni, bakin tasha. Ba su da zance sai mata sun raina talaka, sai wane namiji ne, wane ba namiji ba ne. Su suka laƙaba wa Bello ɗan daudu. Ni ban san abin da ke zuciyar yaron nan ba, ban kuma tambaya ba. Na dai san da masarsa Yaya ke karya kumallo.

Kin tuna yadda suke dawowa daga masallaci riƙe da hannun juna? Juma'ar da ta wuce Bello ya kama hannunsa kamar kullum. Yaya ya fizge kamar ya taɓa garwashi, ya kwaɗa masa mari a gaban abokansa, suna ta ƙyaƙyata dariya.

Yaya ma tsoron yake ji, Inna, kada bakinsu ya juyo kansa. Ai shi kika fara koya wa suya, kina cewa, "Hannun Sani ba ya ƙona ƙullu." Ina ga majalisa ta ji wannan!

Sun riga sun yi wa wani mai sayar da abinci dukan kawo wuƙa a bayan kasuwa. Yanzu sun ce in Yaya ya cika namiji, ya gyara ƙanensa da kansa, ko su gyara masa shi. Jiya ya shigo da gora, ya jingine ta bayan ƙofa. Yau da safe Bello ya hura wutarsa kamar kullum, yana ta tsokanata wai na tashi da fuskar shanu.

Innata, da kina nan kallo ɗaya ya isa. Ni kallona ba ya tsayar da kowa.

Allah ya jiƙan ki, ya tsare miki autanki. In kuma an ƙaddara wani hannu zai taɓa shi, ya Allah, kada ya zama wanda ya saba riƙewa.

Ɗiyarki mai kewarki,
Hadiza