Dubiyar Auta

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan. Ya jikin ɗanki Auta? Allah ya sa ƙarambau ɗin ya fara bushewa.

Inna ta kawo mini saƙonki, ba ta rage ko kalma ba: wai tun da aka dasa mini ƙodarki na manta hanyar gidanki. Maganar nan ta ƙona mini rai, Yaya.

Kina zaune likita ya yi bayani, amma bari in maimaita. Jikina bai san ke 'yar'uwata ce ba. Baƙuwa ya ɗauki ƙodar, so yake ya kashe ta. Maganin takrolimus ɗin da nake sha safe da yamma shi ke danne garkuwar jikina don ta ƙyale ta. Shi ke sa hannuna rawa har zura zare a allura ya gagare ni, kuma saboda shi nake ɗinki da takunkumi, masu kawo aiki suna ta tsokanata. Ciwon da yaro ke yawo da shi a tsakar gida, ni kayar da ni zai yi. Ƙodarki nake gadi, shi ne laifina.

Amma tunda dangi sun gama kirana butulu, gobe ina tafe.

Ƙaninki,
Tela

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Na ji Auta ya warke har ya koma makaranta. Alhamdu lillahi.

Daga gadon asibiti nake rubuto miki. Kin tuna da Auta ya hau cinyata, kika ce in cire tsumman nan daga fuskata kada yaro ya ɗauka ƙyamarsa nake? Na cire, kowa ya ji daɗi. Yanzu ƙurajen sun rufe ni, ciwon ya sauka har huhu.

Likita ya tsayar da maganin don jikina ya samu ƙarfin yaƙi. Ƙarfin ya fara dawowa, kuma gwajin jini ya nuna ya fara taɓa ƙodar. Na tambaye shi ko za ta tsira, sai ya hau gyara robar ƙarin ruwa.

Ban taɓa manta abin da kika yi mini ba. Tabon da ke cikinki ina ganinsa ko ido na rufe. Amma da kin bar ni da sunan butulu, da yau tana nan lafiya.

Ki gaya wa dangi na yi zumunci. Idan kin zo dubiya, a bayan gilashi za a tsayar da ke. Kada ki ce girman kai ne.

Naki har kullum,
Tela