Kalmomin da Asiya ta rubuta mini

Litinin, 3 ga Yuni, 2024
Ɗan farina ya turo saƙo daga Fatakwal, inda yake aikin jinya. Hausa ya rubuta, amma ya rufe da Turancin nan nasa, I miss you. Ƙanwata Asiya, da ke koyar da Turanci a Gusau, ta taɓa fassara mini: wai yana kewata. Na amsa masa da "Allah ya yi albarka", kamar kullum.

Alhamis, 6 ga Yuni
To me zan ce? A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta nuna tana son shi. Ana yaye shi kakarsa ta tafi da shi Tsafe. In na je, ƙasa nake kallo. Na san girmansa ne daga takalmansa a bakin ƙofa.

Lahadi, 16 ga Yuni
Sallah. Bai zo gida Bunguɗu ba. Na ajiye masa soyayyen nama duk da haka, wauta!

Litinin, 17 ga Yuni
Ya gaishe ni da Sallah a saƙo, layi ɗaya, babu Turancin. Na duba har ƙasa. Ƙaninsa Mahadi ya ce sun yi waya, wai ya ce, "Inna ba ta damu da ni ba, na gaji da magana ni kaɗai." Wayyo Allah. Ni da ban taɓa ɗaga hannu a addu'a ban fara da shi ba.

Laraba, 19 ga Yuni
Na hau mota zuwa Gusau, na ce wa mutan gida zan duba atamfa. Sai da muka ci abinci na tambayi Asiya yadda ake mayar da amsar Turancin nan nasa daidai. Ta yi dariya har da riƙe ciki.
"Yaya, ke ce yau?"
Na ce ta rufe mini baki. Ta rubuta I miss you too, ta ce ƙarshen yana nufin "ni ma", haka ake rubuta wa ɗa ko ɗan'uwa, ba na masoya kaɗai ba ne. Na ce, ba rashin kunya? Ta ce, "Tsofaffinmu da Hausa suka hana, ba su ce komai kan Turanci ba." Shaƙiyiya.

Alhamis, 20 ga Yuni
Na rubuta, na goge. Na rubuta, na goge.

Juma'a, 21 ga Yuni
Na tura bayan Azahar. Yatsana ne ya zame, haka zan ce in an tambaye ni.

Asabar, 22 ga Yuni
Ya kira ina tsakiyar tuƙa tuwo. Na tambaye shi ko ana ruwa can, ya ce ana yi. Muryarsa wata iri.
"Inna, kin san ma'anar abin da kika turo?"
Na ce, wa ya sani, Turancin Asiya ne. Na ji yana shirin yin sallama. Sai na ji bakina ya ce, "Na sani."
Ba ni na kashe wayar ba yau, shi ya kashe.