Takardar da Ɗanjuma Bai Dangwala Ba

Zuwa ga yayana, Malam Habu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ƙanwa take yi wa yayanta, da fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka, ina sanar da kai gida lafiya, mutanen Ruwan Bago ma lafiya. Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarka, na kuma san babu ɗan aiken da zai kai maka wannan takarda. Zan sa ta a zauren wasanmu na waya, yaran su karanta, don maganar ta shafe su.

Rabi 'yarka ce ta sa na zauna rubutu. Makon jiya na yi mata abin da kai ka ƙi yi mini, tun ranar kuma nake so in ji ko na yi daidai.

Kana tuna mafarin abin? Shekarar da aka kawo ni amarya Ruwan Bago, kai kana koyarwa a firamare a Kurugu, ka ce in aka bar ni da turmi da tukunya karatuna zai yi tsatsa. Sai ga takarda. Na buɗe ina zaton gaisuwa ce, na tarar ka rubuta: "Ke ce kyaftin ɗin wani jirgin 'yan fashi a sararin samaniya. Ga jirgin fatake a gabanki cike da gishiri. Me za ki yi?" Na karanta sau uku, na ce to, yaya ya fara taɓuwa. Amma kafin la'asar na rubuta amsa, na kuma raɗa wa jirgina suna Rahaji, don jar saniyar Baba.

Har yau ina mamakin inda ka samo wannan tunani. Ba mu da talabijin, ba ka taɓa shiga jirgin sama ba, iyakar tafiyarka Kano. Duk da haka ka zana taurari a bayan takardar jarrabawar yara, ka ba kowanne suna da sarki da ranar kasuwa. Na yi ta cewa zan tambaye ka, ban tambaya ba.

Mu uku ne a wasan: ni, da Garba magatakardan dagaci a Beli, da malamin dabbobi, wanda yake kai takardun a kan babur in ya fita zagayen allurar shanu. Shi ya sa kowace takarda take zuwa da warin magani. Gaskiya ba ka yi sa'ar 'yan fashi ba. Ni in na tare jirgi sai na cika rabin shafi ina gaida mai shi, da gajiya da iyali da hanya, har ka rubuto mini: "Ladidi, fashi aka aike ki, ba barkar haihuwa ba." Shi kuwa malamin dabbobi, duk jirgin da ya tare ya ga shanu a ciki, allura yake yi musu ya sallame su.

In ɗayanmu ya zaɓi abu mai haɗari, sai ka jefa ƙwallon dabino shida a kan tabarma. In huɗu ko fiye suka faɗi tsagarsu na kallon sama, an tsira. In ba su kai ba, sai haƙuri. Garba ya rasa jirgi sau biyu a jere, sai jinin aikinsa ya motsa. Ya rubuto cewa: "Wa ya ga jifar? Ko sayar da akuya ba a yi babu shaida." Daga nan ka koma jefawa a shagon Ɗanjuma tela. Ɗanjuma bai iya boko ba, bai kuma san me ake yi da taurarin ba, amma sai ya tsayar da keken ɗinki, ya ƙirga ƙwallayen da ƙarfi, ya dangwala babban yatsansa a ƙasan takardar kamar ana cinikin gona. Shekara huɗu babu takardar da ta zo mini babu wannan yatsa.

Sai guda ɗaya.

Ka san shekarar. Sadiya, 'yata ta fari, tana da wata bakwai zazzaɓi ya ɗauke ta cikin kwana biyu. Kafin ta kwanta na riga na aika maka amsa: jiragen yaƙi biyu sun ritsa Rahaji, ni kuma da ƙarfin hali na ce zan ratsa ta tsakaninsu. Ka zo ta'aziyya, ka zauna a zaure kwana uku, ba ka ce komai a kan wasa ba. Bayan mako biyu malamin dabbobi ya miƙo takarda. Ka rubuta cewa Rahaji ta ratsa, ko ƙwarzane ba ta samu ba, ga wata sabuwar tauraruwa a gaba mai koguna. A ƙarshe ka sa tambayarka ta kullum, me za ki yi? Na duba ƙasa, babu yatsan Ɗanjuma.

Na gani, yaya. Ban ce komai ba, don a lokacin ko tsinke aka ce na rasa sai na yi kuka. Na tashi na wanke fuska na rubuta amsa, shi ne abu na farko da na yi da son raina tun bayan jana'iza. Amma fiye da shekara talatin ina riƙe da zargin cewa ƙwallayen sun faɗi da muni, ka yi mini ƙarya don tausayi.

Yanzu ni ce a kujerarka. Bayan na yi ritaya daga koyarwa, yara suka buɗe mini zaure a waya, mu shida, wasu a Kano, wasu a Zariya. Ni ke ba da labarin, su ke fashin. Sun fi mu iya ta'asa nesa ba kusa ba, ko sallama ba sa yi. Ƙwallon dabino dai na ƙi sakin sa. Ina jefawa a kan faifai, in ɗauki bidiyo in tura, kowa ya ƙirga da idonsa.

Rabi ce ta fi kowa zafi a cikinsu, halinka sak. Ita ce kuma ba ta da lafiya. Ƙoda ce, yaya. Sau biyu a mako ake kai ta wankin ƙoda a Kano, daga kan gadon take turo amsoshinta. Makon jiya ta ce za ta kai hari ita kaɗai kan rumbun makaman sarkin taurari, abin da kowa ya san kusan ba a dawowa. Biyu daga cikin yaran suka kira ni a ɓoye, suna cewa Gwaggo ki san yadda za ki yi.

Na rasa yadda zan yi ɗin, sai na hau mota zuwa Kurugu neman Ɗanjuma. Yana nan da ransa, ido ya tafi, jikokinsa ke kan keken. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan na tambaye shi takardar nan. Bai yi ko jim ba. Ya ce: "Hajiya, ai ba ni na ƙi ba. Malam ya zo, ya zauna, ya fito da ƙwallayen. Ya daɗe yana juya su a hannu, sai ya mayar aljihu. Na ce malam ba za a jefa ba? Ya ce yau babu jifa. To me zan shaida?"

Ashe ba ka yi mini ƙarya ba, ƙin tambayar ƙwallayen ka yi. Na yi kuka a shagon mutane kamar yarinya, na kuma fito da murna, don na ɗauka na sami mafita. Zan rubuta cewa Rabi ta tsira, in ce waya ta ƙi ɗaukar bidiyo.

Ina cikin mota saƙonta ya shigo, kamar ta san abin da nake ƙullawa. Ta ce: "Gwaggo, don Allah ki jefa. A gida kowa lallaɓa ni yake kamar ƙwai, ko faɗa an daina yi mini. Wajenki kaɗai ne ya rage inda nake mutum."

Na jefa, yaya. Na ɗauki bidiyon na tura. Biyu ne suka kalli sama. Na zauna na rubuta yadda wuta ta ci jirgin 'yarka, na rubuta shi da kyau, ban rage komai ba, ina yi ina jin kamar ni ce azzalumar duniya.

Minti biyar ba a yi ba ta kira. Dariya take yi, irin wadda rabon da in ji tun kafin ciwon. Ta ce na cuce ta, ta ce sai ta rama, ta ce in shirya don sabon kyaftin ɗinta ba shi da imani ko kaɗan. Ina jin ƙarar na'urar asibiti a bayanta tana ta zuba.

To ga abin da ya hana ni sukuni. Kai ka duba ni ka ga ba zan iya ɗauka ba, kuma ka yi gaskiya, da ka jefa ya faɗi haka ban san ko zan sake buɗe takarda ba. Ni kuwa da ba ta yi magana ba, da na yi mata abin da zai ƙara mata ciwo ina ganin alheri nake yi. Yaya aka yi ka gane ba tare da na faɗa maka ba? Wannan ne ban gada ba a wajenka, shi kuma na fi bukata yanzu, don likitoci sun ce tafiyar tana da tsawo, kuma ba kullum za ta faɗi abin da take so ba.

Ina kewarka ƙwarai. Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ka da Sadiya a Aljanna. Allah Ya ba Rabi lafiya, Ya ja kwananta har ta gaji da ramuwa a kaina, ni kuma Ya ba ni idon da zan gane ranar da take son tausayi da ranar da ba ta so.

Taka har kullum,
ƙanwarka Ladidi,
daga Ruwan Bago.