Fuskar da Kika Ba Ni Amana

Agege, Legas
10 ga Disamba, 2001

Zuwa ga Yayata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Baba Iliya da yara da duk mutanen gida. Yaya ƙafar nan taki? Allah ya sauƙaƙa, ya sa kuma kun kwashe amfanin gona lafiya. Mu nan muna cikin alherin Ubangiji. Maigidana Ɗanbaba yana nan yana gadinsa a Ijora, kullum ya dawo sai ƙorafin motocin haya na danfo da cunkoso, sai ka ce jiya ya sauka Legas. Maƙwabtanmu Musulmi suna goman ƙarshe na azumi, kunu da ƙosai ba sa yankewa a ƙofarmu, har na ce masa shi kaɗai na sani da yake ƙiba da azumin da bai yi ba. Unguwa lafiya lau, ko da yake tun rikicin ƙabilanci na kasuwar Ketu kowa a ɗarare yake.

Yaya, na ba Mu'azu direban motar tumatir wannan takarda don ta riga Mariamu isowa. Ita za ta taso ranar ashirin ga wata tare da matan zumunta masu zuwa gida Kirsimeti. Ina so ki karanta kafin ki gan ta, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. 'Yarki tana nan da ƙafarta, tana ci tana sha, kada gabanki ya faɗi. Amma fuskarta ba yadda kika ba ni take ba, kuma ni ce sanadi. Sau uku ina fara rubutun nan ina yagewa, don kowane karo sai in ga ina neman wanda zan ɗora wa laifin.

Kin tuna yadda Kaka Jumare yake tara mu a gindin tsamiyar ƙofar gida yana ba mu labarin Nuhu da 'ya'yansa uku? Yakan ce daga Shem aka sami Yahudawa da Larabawa, daga Yafet aka sami Turawa, mu baƙaƙe kuwa jikokin Ham ne, wanda ya ga tsiraicin ubansa bai rufe ba. Wai da la'ana ta sauka a kansa sai fatarsa ta rine, shi ya sa har yau muke wahala a duniya. Mai bishara ne shi, ƙauye nawa ya taka da ƙafa, wa zai yi masa musu? Ke kikan yi gyangyaɗi, ni kuwa na haddace labarin kamar sunana. Da aka ba ni koyar da yara a makarantar Lahadi ta sashen Hausa a nan, shi na mayar wasan kwaikwayo, muna yi duk shekara a makon yara. Da benci muke yin jirgi, yara su sa kunnuwan kwali su zama dabbobi. In an zo wurin la'ana, sai wanda ya fito a Ham ya ɓuya bayan zane, in shafe masa fuska da gawayi da man gyaɗa, ya fito jama'a su yi ta tafi. Har daga sashen Turanci ake zuwa kallo, ni kuwa kaina ya yi ta kumbura.

Shekarar da sojoji suka sauka daga mulki kika ba ni Mariamu riƙo, tana da shekara goma sha uku, don ta yi karatu a nan, tunda ni Allah bai ba ni haihuwa ba. Da makon yara ya zo, yara maza suka yi mana kaɗan, sai na ce ta fito a Ham. Kin san bakina, ba ya iya ganin abin dariya ya ƙyale. A gaban iyaye da yara na ce bana mun huta da neman gawayi, Allah ya kawo mana Ham da abinsa. Aka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ita ma ta yi dariya, Yaya, wannan ne ya ruɗe ni. Bara na sake ba ta, bana ma haka, kuma kowace shekara sai na maimaita maganar gawayin, don na ga tana karɓuwa.

Ashe sunan ya bi ta har gida. Yaran layi suna kiranta Ham, 'yan ajinsu suna kiranta Ham, har masu okada na bakin titi da ba su san ko wane ne Ham ba. Ina ji da kunnena, ina cewa wasan yara ne. Da ta fara yafa gyale tana rufe rabin fuska, sai na yi ta tsokanarta, ko addinin maƙwabta ne ya shige ta. Da ta daina cin abinci tare da mu a tsakar gida, na ce 'yammatanci ne. Magana zarar bunu ce, ni na zara, ban ko waiwaya na ga inda rufin ya yoye ba.

Ruƙayyatu ce ta buɗe mini ido, maƙwabciyata mai sayar da goro, wadda na taɓa ba ki labarinta. Haifaffiyar Agege ce, kakanta soja ne tun zamanin Turawa, in tana magana sai ta fara da Hausa ta ƙare da Yarbanci. Makonni uku da suka wuce ta tare ni a layin famfo, ta ja ni gefe, ta tambaye ni wai yaushe rabon da in dubi yarinyar nan da rana tsaka, abi, ko idona na ado ne. Ta ce ta gan ta sau biyu a rumfar wata mata a kasuwa, mai haɗa man bilicin a kwalba marar suna, irin wanda ake cewa sati biyu ka zama fari. Na bar bokitina a nan na koma gida, na sa Mariamu ta cire gyalen a bakin ƙofa inda akwai haske. Yaya, kumatunta duka biyu sun saɓule sun yi ja kamar ƙunar ruwan zafi, goshinta ya yi dabbare-dabbare, gefen idanunta kuma ya fi da baƙi. Wata huɗu ke nan tana shafawa, a ɗaki ɗaya muke kwana ban sani ba.

Maimakon in rungume ta, faɗa na hau yi. Na ce wane shaiɗan ne ya kai ta ta raina halittar Allah. Ba ta yi kuka ba. A hankali ta ce mini ai ba halittar Allah ta raina ba, la'ana take wankewa. Ta ce ni na koya mata cewa baƙi hukunci ne, na kuma nuna wa duk ikilisiya cewa nata ya fi na kowa, to in Yesu ya ɗauke la'ana, me ya sa tata ta zauna a fuska kowa yana gani. Ta ce ta yi addu'a shekara biyu ba ta ga canji ba, shi ne ta nemi mai.

Da Ɗanbaba ya dawo na ce ya ɗauko Littafi Mai Tsarki mu buɗe wurin labarin Nuhu. In gaya miki gaskiya, so nake in sami ayar da za ta wanke ni. Muka bi da yatsa layi-layi har sau uku. Gonar inabi tana nan, buguwar Nuhu tana nan, mayafin da 'yan'uwan biyu suka rufe shi da shi yana nan. Amma la'anar ba a kan Ham ta sauka ba ma, sunan ɗansa Kan'ana aka ambata, kuma babu inda aka ce fatar wani ta canza. Ko kalmar baƙi babu a wurin. Shekara tara ina koyar da abin da ban taɓa karantawa da idona ba, don ina ganin na riga na sani.

Na je wurin Baba Ayuba, dattijon ikilisiyarmu da ya yi makarantar Littafi. Ya ce masu bi ba su taru a kan magana ɗaya ba game da yadda launin mutane ya bambanta. Waɗansu suna cewa bayan an warwatsa mutane daga hasumiyar Babila ne kowace zuriya ta ɗauki kamannin ƙasar da ta zauna, waɗansu kuma suna cewa tun a jikin Adamu Allah ya ajiye dukan launuka. Amma ya ce abin da yake a rubuce sarai shi ne daga mutum ɗaya aka yi dukan al'ummai, kuma cikin kamannin Allah aka yi shi. Maganar baƙin Ham kuwa, wai masu cinikin bayi ne suka yayata ta don hankalinsu ya kwanta, ta bi bakin mutane har ta iso gindin tsamiyarmu. Sai ya sunkuyar da kai ya ce shi ma shekara uku yana tafi a wasan, yana sane, ya yi shiru don kada ya ɓata mini rai. Da na ba Ruƙayyatu labari, cewa ta yi su malaminsu ya koya musu daga ƙasa iri-iri aka gina Adamu, ja da baƙa da fara, to wace ƙasar ce a ciki Allah ya tsana. Ban ga laifin Kaka ba, abin da aka ba shi ya ba mu. Ni ce nake da Littafin a ƙarƙashin matashi.

Mun kai ta babban asibiti a Idi-Araba. Likita ta ce ta daina man nan take, ta guji rana, ta ba mu abin shafawa. Ta ce jan zai warke, amma wani tabon mai yiwuwa ya zauna. Jiya Lahadi na roƙi fasto ya ba ni dama bayan wa'azi, na tsaya a inda na saba tsayawa in ba mutane dariya, na ce abin da na koya wa 'ya'yansu ba ya cikin Littafi, na kuma nemi gafarar Mariamu da sunanta. Ita tana benci na ƙarshe, ba ta ɗago kai ba. Da muka dawo gida ta ɗebo mini ruwa, ta durƙusa ta ce ta yafe, amma tana so ta tafi wurinki, kuma ba ta sani ba ko za ta dawo. Tun ranar da na sa ta cire gyalen ba ta ƙara kirana Inna ba, Malama take ce mini. Wannan ya fi mini ciwo fiye da duk abin da za ki faɗa, kuma na san na cancanta.

Abu ɗaya nake roƙonki, don girman Allah. In ta sauko daga mota a tashar Malumfashi, kada ki yi salati, kada ki riƙe baki, kada ki tambaye ta me ya sami fuskarta a gaban mutane. Ki ja kunnen yara da matan gida tun yanzu. Faɗan da yake bakinki ki ajiye mini, nawa ne, zan zo da kaina bayan sabuwar shekara in durƙusa in karɓa. Ki zauna da ita ki gaya mata wa ta ɗauko. Ni sai yanzu na lura, Yaya, fuskar marigayiya Iya ce sak, baƙin nan mai sheƙi da mata suke tsayawa kallo ranar kasuwa. Fuskar uwarmu na tsayar a gaban jama'a shekara uku ina kiranta la'ana. In kin ga ya fi mata ta zauna wurinki ta ƙarasa karatu, ba zan ce komai ba, wanda ya ci amana ba shi da bakin neman a ƙara masa.

Ki gaishe mini da Baba Iliya da kyau, ki karanta masa in kin ga dama. Ki gaida Gwaggo Laraba, da Bitrus da amaryarsa, da Damaris da 'yan biyunta, da dukan matan zumunta. Ɗanbaba yana gaishe ku, Ruƙayyatu ma ta ce a gaida uwar Mariamu, ta ba da goro yana hannun Mu'azu. A cikin ambulan za ki ga hoto guda, wanda muka ɗauka a makon da ta iso Legas, tana sanye da atamfar da kika ɗinka mata. Shekara uku yana rataye a bangon ɗakina. Na cire na aiko miki, domin shi kaɗai ne zan iya mayar miki yadda kika ba ni.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce ƙanwarki mai neman gafararki,
Briskila Ɗanbaba