Ranar da Aka Zo Ƙirga Yaran Tsamiyar Kwari

Yaya Abdulkabir,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Yaya Tahira da yara.

Raina a ɓace yake. Ka san sabuwar dokar ofishinku ta ilimi: makarantar da ba ta kai yara sittin ba, malami ɗaya za a bar mata. Mu a Tsamiyar Kwari mu biyu ne, ni da hedimasta Malam Sama'ilu, yaranmu sun haura tamanin. Don kada kowa ya yi fashi, na bi gida-gida na ce ranar Talata za a zo ƙirga yara. Ashe ni na ɓata abin da bakina. Na manta matan nan ba sa yarda a ƙirga musu 'ya'ya, tsoron kambun baka. Wata ma cewa ta yi, "Malama, awaki ne?" Ranar Talata yara talatin da ɗaya suka zo.

Yanzu an ba ni takardar canji zuwa Rijiyar Zaki. Malam Sama'ilu, dattijon nan da ko allo ba ya gani sosai, shi zai riƙe aji shida? Ka sa baki a dawo a sake ƙirgawa.

Ƙanwarka,
Sauda

Malama Sauda,

Wa'alaikumus salam. Saƙonki ya iso, kowa lafiya.

Na yi magana da shugabanmu. Ya ce ba a aiki da rajistar makaranta, domin wasu na cusa sunayen bogi; abin da ido ya gani ranar, shi ne. Za a sake zagayawa bayan shekara biyu. Ke ma da garaje, a ƙauye aka haife ki, sai ka ce baƙuwa. Ki yi haƙuri ki kama aiki ranar Litinin. Ki gaishe da Inna.

Yayanki,
Abdulkabir

Yaya,

Salam. Na ji, na haɗa kayana.

Da safen nan ina jiran motar Ɗanbatta da za ta fitar da ni daga garin, sai ga matan garin, kowacce ta tasa 'ya'yanta a gaba. Suka jera su a bakin titi. Wadda ta yi min zancen awaki ta ce, "Malama, ƙirga su, mun yarda. Ki zauna."

Na ƙirga, Yaya. Tamanin da huɗu. Ban iya gaya musu babu wanda zan kai wa wannan lissafin ba.

Ka huta lafiya.
Sauda