Talabijin ɗin Inna

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya maigida da yara? Ina fata ciwon ƙafar nan ya sake ki.

Yaya, kasuwar talabijin ta yi kyau har ta jawo mini magana. Kin tuna talabijin ɗin Inna, wadda Baba ya sayar da babur ɗinsa ya saya? Lokacin kaf layinmu ita kaɗai ce. Yanzu kaya sun karye. Siririya, wadda ta ninka ta girma, mai shayi ma yana saya bai ji a jikinsa ba. Ni kuma kin san bakina. Sai da na sayar wa kowane gida: matar tela, matar direba, har tsohuwa mai kitso.

To, ɗakin Inna ya mutu. Da la'asar sai ta shimfiɗa tabarma, ba mai leƙowa. Abinci ma sai da lallashi. Jiya ta ce tattarawa za ta yi ta koma wurinki. Don Allah ki ja mata rai, gidan nan ba Inna ai kango ne.

Ƙaninki,
Mai Eriya

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Albishirinki! Kada ki gyara ɗaki, Inna ba ta zuwa.

Na zare wata waya a bayan talabijin ɗin, na ce ta lalace, na kai ta shago. Ranar da za a nuna wasan da take bi, haƙuri ya gagara, ta ja mayafi ta shiga gidan tela. Kin san Inna ba ta kallo da baki rufe. Tana zagin mugun, tana gargaɗin yarinyar, har ta katanga ana ji. Matar direba ta kashe tata ta shigo, saura suka biyo. Ashe kallo ba sharhin Inna bai yi musu daɗi.

Yanzu layi ake bi a kanta, yau wannan gida, gobe wancan, a ba ta kujera mai taushi, wata har da ɗan tukuici.

Na ce an gyara talabijin, ta ce ta san aikina ne, in sayar in sayo mata takalmin yawo. Na sayar, Yaya. Sai da na yi ciko.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Mai Eriya